Amsar da Na Ba Mai Sa Barci

A tashar Katsina na fara gane cewa tafiyar nan ta fi ƙarfina. Motar da ta kwaso mu daga kan iyaka ta tsaya, kowa ya dire yana miƙa, aka bar mu mu biyu a kan buhunan gyaɗa. Direba ya leƙo ya ce, "Baba, an iso fa." Maigidana ya ɗaga masa carbi, alamar bai gama lazimi ba. Ba lazimi yake yi ba. Jira yake jikinsa ya yarda ya tashi.

Shekara shida ke nan a lokacin, in ya miƙe da sauri sai jiri ya kwashe shi, idonsa ya rufe, ya zube. Ni kaɗai na sani. Mun samo dabararmu: ya zauna ya saki ƙafafu, ya yi ta murza yatsunsu a ƙasa, ni kuma in tsaya ta hagunsa riƙe da buta. Sai ya dafa kafaɗata ya tashi a hankali, yana yi mini faɗa da ƙarfi a kan laifin da ban yi ba. Duk wanda ya gan mu cewa yake ga namiji mai riƙon gida. Na sha faɗan ƙarya har na haddace shi, wani lokaci in ya manta abin faɗa ni ke tuna masa a hankali.

Sunansa ba na faɗa, har yau da na tsufa. Mutanen Gangara Sarkin Noma suke ce masa, don ya tara dami dubu ya rabar a gaban jama'a kamar yadda ake yi. In an fita gayya rana ta take, rigar kowa ta jiƙe sharkaf, shi jikinsa a bushe ƙamas. Makaɗa suka ɗauki abin suka sa cikin kirarinsa, wai mutumin da rana ba ta iya matse shi. Har cewa ake yi asiri ne ya gada wurin ubansa. Ni da ke wanke rigunan na san zufar ɗaukewa ta yi. Ba ta zuwa sai in ya fara cin abinci, sannan ta yi ta zuba daga fuskarsa har cikin akushi, shi ya sa ya koma ci a ɗaki. Wurin da ya yi fitsari kuwa tururuwa ke taruwa, kullum da safe nakan bi in zuba toka in share. Abokiyar zamana ta rasu, bai ƙara aure ba, mutane na ta mamaki. Dalilin wannan ma ni kaɗai na sani, kuma iyakar abin da zan faɗa ke nan.

Sai ga gwaiwa ta zo ta ƙara. Da farko babbar riga na rufe ta, daga baya in ta murɗa shi sai ya yini yana cizon matashi. Asibitin Maraɗi na kusa, amma kasuwa ɗaya ta isa labarin ya je har garin Gazawa ya dawo garinmu. Wani falke ya taɓa ba shi labarin asibiti can Kurmi, gaba da Badun, inda ake yanke irin wannan mutum ya tashi garau. Sai Maigida ya ce wa dangi fataucin goro zai gwada. Ƙanensa ya yi dariya ya ce, "Yaya, wa ya taɓa zuwa Kurmi da mace?" Ya ce ba ya cin girkin baƙi. Muka bar ɗanmu Isufu da gonaki, muka kama hanya. Shekarar ce aka ce ƙasashen biyu, tamu da wadda muka shiga, sun samu 'yanci. Ni dai abin da na gani a kan iyaka shi ne an sake ƙyallen da ke kan sanda, jandarma kuwa shi ne na bara, da zafin ransa na bara.

A Kano aka cuce mu. Mun iso tashar jirgin ƙasa da hantsi, jama'a kamar ana rabon gari. Maigida ya daɗe zaune a kan dakali, da lokacin shiga ya yi ya dafa ni ya fara faɗansa. Wani mutum mai fararen kaya da hula mai kyau ya matso ya ce, "Haba Alhaji, a yi mata haƙuri. Kawo kayan, Hajiya, in kai muku ciki." Ba mu je Makka ba, amma kiran ya yi mini daɗi, na miƙa masa ƙunshin. Ina kallonsa ya ratsa mutane, ya wuce ƙofar jirgi, ya yi gaba abinsa. A ciki akwai babbar rigar da aka yi bikin dubu da ita, da bargonmu, da garin fura da na daka kwana uku. Da na janye kafaɗata na bi shi da ihu, da an kama shi. Amma hannun Maigida ya yi nauyi a kaina, na san idonsa ya rufe. Na tsaya cik har ya dawo hayyacinsa. Da muka zauna ya tambayi kaya, na faɗa masa. Sai ya ce, "Gara rigar." Na gane nufinsa, gara a rasa rigar da a ga faɗuwarsa, kuma a ranar na yarda da shi.

Jirgi ya yi ta tafiya da mu har na daina tambayar sunan garuruwa. Bayan Kaduna ƙasa ta fara sakewa, gero ya ɓace, itatuwa suka yi duhu, Hausa ta fara ƙaranci a bakin masu shigowa. A wata tasha na sayi wani tuwo fari mai tsami a ganye, na ci loma biyu na kasa. Ban taɓa zaton zan yi kukan fura ba, amma na yi, na juya fuska wajen taga. Wata Banufiya da ke gabanmu ta lura. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ɓare lemo ta ba ni, ta kwance zane ɗaya daga kayanta ta rufa wa Maigida ƙafafu, don ta ga yana ta murza su. Da muka hau doguwar gadar Jebba na ga ruwan da ban san akwai irinsa ba, na tuna rijiyar unguwarmu da muke faɗa a kanta da rani. Matar ta sauka Ilori, ta ƙi karɓar zanenta.

A Badun mun sauka Sabo, unguwar Hausawa, wurin wani mai masauki Bakano da ya ɗauke mu fatake. Kwana biyu yana kai wa Maigida dillalan goro, Maigida na cewa bai huta ba tukuna. Rana ta uku muka ce za mu ziyarci wani malami, muka hau mota zuwa asibitin. Na yi murna da na ji babu mai Hausa a layin. Nan dai, na ce a raina, ko faɗuwa ya yi babu wanda ya san wane ne.

Asibitin ya cika maƙil. An ce Turawan da ke aiki ciki sun fara komawa gida, hannu ya yi kaɗan. Wani likita ya duba shi, aka ɗebi fitsarinsa, aka ba shi gado a wani dogon ɗaki. Sai aka aika kiran mai fassara. Wani dogon mutum ya shigo cikin kakin ma'aikata, ya durƙusa ya ce, "Sannunku da tahiya. Ina kunka hito?"

Harshen Gobir ne tsantsa. Kafin Maigida ya ƙirƙiro wani gari, mutumin ya ƙura masa ido ya tafa hannu. "Sarkin Noma na Gangara! Ni na Sanda, ɗan Cadakori. Ƙanwata Hajo can taka aure, gidan Maƙera. Ina nan randa kay yi dubu!" Mun yi tafiyar kwana da kwanaki don mu guje wa idon gida, sai ga shi yana jiranmu da murmushi. Maigida ya gyara kwanciya ya amsa gaisuwa da muryar gayya. Gwaiwa dai ta riga ta tonu. Na ga a fuskarsa ya ƙudura cewa daga ita ba za a ƙara jin komai ba.

Ana gobe aiki, da la'asar, wani tsohon Bayarabe ya zo, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Sanda ya ce tsohon nan ba shi ke yanka ba, shi ke sa mutum barci ya tsare numfashinsa har a gama. Tsohon ya ɗaura wa Maigida wani ƙyalle a damtse ya hura masa iska, Maigida na kwance. Ya kama wuyan hannunsa yana kallon agogo. Ya ce ya ja dogon numfashi ya saki, ya sake, ya sake. Na ga tsohon ya ɗaure fuska. Ya shafa tafin hannun Maigida, ya shafa ƙafarsa, alhali kowa a ɗakin nan fifita yake yi saboda zafi.

Ya yi magana, Sanda ya juya mana. "Ya ce an ga sukari cikin hitsarinka. Kuma ya ce zuciyakka gudu guda taka yi, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Shina tambaya, in ka miƙe tsaye jiri na ɗaukakka? Ka taɓa hwaɗuwa?"

Maigida ya yi dariya. "Tambayi mutanen garinmu."

Sanda ma ya yi dariya, ya juya ya yi wa tsohon dogon bayani da hannuwa. Na san kirarin makaɗa yake fassara masa. Tsohon bai yi dariya ba. Ya ƙara tambaya ko zufa ta ɗauke masa, ko abinci na daɗewa a cikinsa, ko akwai abin da ya sake tsakaninsa da iyalinsa. Maigida ya ce lafiya lau. Sai tsohon ya cire tabarau ya juyo gare ni. Tun da muka baro gida babu wanda ya nemi jin ta bakina sai shi.

"Inna," in ji Sanda, "ya ce ke kika kwana ɗaki guda da shi. In akwai ko guda cikin abubuwan ga, ki hwaɗi. In akwai, ba shi sa shi barci gobe, sai ya sake dubawa."

Na ji tambayar sarai. Ba zan ce ban gane ba, ko in ce an ruɗe ni. Na dubi Sanda na ga Hajo, na ga matan gidan Maƙera a bakin rijiya, na ga makaɗa sun ajiye ganga. Na dubi Maigida, bai ko kalle ni ba, don ya san abin da zan ce. Ranar da aka kai ni gidansa abin da gwaggona ta faɗa mini a kunne ke nan, kada bakina ya zama ƙofar da asirin mijina zai fita. Shekara shida ina riƙe da shi, na ɗauka wannan ma wata tasha ce irin ta Kano.

Na ce, "Ban taɓa gani ba."

Tsohon ya daɗe yana kallona. Wata ma'aikaciya ta kira shi daga ƙarshen ɗaki, akwai wasu gadaje da yawa na jiransa. Ya mayar da tabarau, ya yi rubutu a takarda, ya wuce.

Da suka tafi Maigida ya kira ni da sunana, abin da bai yi ba tun ina amarya. "Dije. Kin rufa mani asiri, Allah shi rufa naki. In mun koma gida na bar yi maki faɗan ƙarya." Na ce to in ya bari da me zai riƙa tashi. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa. Daɗi na ji, wallahi. Ji na yi na cika mace.

Da safe aka zo da gado mai taya. Suka ɗaga shi suka ɗora, bai ko taka ƙasa ba. Ya waiwayo ya ce, "Yau kafaɗarki ta huta." Aka tura shi, ƙofa ta rufe.

Na zauna ƙarƙashin wani mangwaro kusa da wata mai tuyar ƙosai. Ban daɗe ba na ga wata ma'aikaciya ta fito da gudu ta koma da wata kwalba. Wani likita ya bi ta da sauri. Sai shiru. Inuwar mangwaron ta matsa daga ƙafafuna zuwa bayana, sannan Sanda ya fito. Daga yadda ya cire hula tun daga nesa na sani.

Ko yankan ba a fara ba. Ana ba shi maganin barci ƙarfin jininsa ya zube, zuciyar ta yi sanyi ta tsaya. Sun yi ta fama, ba ta dawo ba.

Ban yi kururuwa ba. Mai ƙosan nan ta sauke kaskonta daga wuta, ta zo ta zauna ta jawo kaina kan cinyarta, tana wata magana da yarensu tana shafa bayana. Masu saye suka zo ta kore su. Har yau ban san sunanta ba.

Da azahar tsohon ya fito da kansa, Sanda na biye da shi. Ya zauna a ƙasa gabana, rigarsa jiƙe da zufa. Bai tambaye ni komai ba. Ni ce na buɗe baki, abin da na riƙe shekara shida ya zubo gaba ɗaya: faɗuwar, da butar, da zufar akushi, da tokar, da sauran. A gaban Sanda na faɗa, yana fassarawa, kansa a sunkuye.

Tsohon ya yi bayani a hankali, yana tsayawa don a fassara. Ya ce akwai wasu jijiyoyi a jikin mutum masu aiki ba da saninsa ba. Su ke gaya wa zuciya ta ƙara gudu in ka miƙe, su ke matse hanyoyin jini kada ya taru a ƙafafu, su ke buɗe zufa. Sukari in ya daɗe yakan cinye su kaɗan-kaɗan. Maganin barci kuwa yana saukar da ƙarfin jinin kowa, amma mai lafiya zuciyarsa kan ji ta tashi ta tare. Ta Maigida ba ta ji kiran ba, kamar jakin da igiyarsa ta tsinke, kana ja bai san kana yi ba. Ya ce da ya sani, da ya jinkirta, ya fara gyara sukarin, ya ƙara masa ruwa, a kashe wurin kaɗai da allura a yi aikin yana farke.

Na ce, "Da ya rayu ke nan?"

Ya ce wannan ba zai iya rantsewa ba, zuciyar ta riga ta gaji. Sannan ya ce shi ma yana da nasa kason, don ransa bai kwanta da amsarmu ba, ya kamata ya tsayar da shi ya auna da kansa, sai ya dubi yawan masu jira ya wuce. Na san don ya rage mini kaya ya faɗa. Bai ragu ba.

Hausawan Sabo suka yi masa sutura, aka rufe shi a jar ƙasa mai danshi, shi da bai taɓa noma sai rairayi ba. Sanda ya raka ni tasha ya haɗa ni da wasu fatake masu komawa Katsina. Na roƙe shi kada Hajo ta ji. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Inna, shekara goma nika aikin ga. Abin da kunnena yaj ji cikin ɗakin can, nan shika kwana. Ko da kin hwaɗi ran nan, ba mai ji." Duk tafiyar nan babu abin da ya soke ni kamar wannan maganar. Kuma ya cika alkawari, har ya mutu babu wanda ya ji.

A Gangara na ce zazzaɓin Kurmi ne. Na yi takaba. Ranar sadakar arba'in tsofaffi suka yi ta yabonsa, namiji ne da ba a taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba. Mata suka yi ta sa mini albarka. Na amsa amin, ina jin kamar in haɗiye harshena.

Shekaru suka wuce, Isufu ya zama magidanci mai furfura. Wata safiya na zaga bayan ɗakinsa neman wata kaza da ta ɓoye ƙwai, sai na ga toka an zuba an share, da sawun tsintsiya. Na kira matarsa Rabi na ce, "Tun yaushe?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ban gane ba." Muryata ce sak na ji a bakinta.

Ba a yi wata uku ba aka ce za a yi masa aikin ƙafa a Maraɗi, wani miki ne ya ƙi warkewa. Ya ce in zauna gida, na ce ko a bayan mota sai na je. Ɗakin cike yake, har da mutanen Gangara biyu da suka zo dubiya. Da mai sa barci ya iso, tun bai buɗe baki ba na miƙe na ce, "Likita, in ya tashi tsaye faɗuwa shike. Zufa ta ɗauke mashi. Ubanshi ma haka ya yi, kuma maganin barci ya tafi da shi, don ni na ɓoye." Rabi ta rufe fuska da mayafi. Likitan ya ajiye takardarsa, ya sa aka tayar da Isufu a gabansa ya auna, aka ɗage aikin mako biyu.

Isufu ya dawo gida da ƙafarsa. Labarin kuwa ya riga mu isowa, nasa da na ubansa duka. Wata uku bai yi mini magana ba. Yakan wuce ƙofar ɗakina da safe ya kau da kai, Rabi na ta hagunsa. Ni kuwa in zauna in yi ta kallon bayansa har ya fita zaure, ina cewa a raina da ma ubansa ne ya yi wannan fushin da ni.